Shagon hayar littafi na bayan kasuwar Maradi: kallon farko ya cika kwali, makoki sai an tona

Masu tambayata wai ina nake samun littattafan Hausa na takarda a garin nan tunda kowa ya koma waya, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Akwai wani ɗan shago a bayan babbar kasuwa, cikin layin masu saida kaye da bik da kayan ƴan lakkol, ba allo ba suna, ƙofar ƙarfe ce kawai da benci guda a waje. Ku tambayi duk mai saida kaye a layin ina Baba mai hayar littafi, za a nuna muku. Sana'a biyu ce a ɗaki ɗaya, Baba na gefen takarda, ɗan ƙanensa kuma na lungu da kwamfuta yana tura ma mutane littattafan saurare da na karantawa a memori.

Kuɗi dai ba su da yawa gaskiya. Hayar littafi guda dala 20 ne kwana 3, wato sefa 100, in kuma ke sabuwa ce ba a san ki ba sai kin aje jingina dala 100, ranar da kinka maido a ba ki abinki. Yana da wani tsohon kaye mai baƙin bango da ya sha hannu, nan yake rubuta suna da unguwa da ranar ɗauka, rabi da boko rabi da ajami, kuma wallahi ba ya mantuwa, ko wata biyu kinka yi ba ki leƙo ba zai ce miki ɗiyata littafi na 2 ɗin nan har yanzu shina wajenki fa. Turi a memori kuma ya danganta da girman littafi, daga dala 20 zuwa 50, in kina son a cika miki memori dam da na saurare jika 1 ne, wato sefa 1000.

Yawancin kayan takardan daga Kano sunka fito, ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa, kuma duk wanda ke Maradi ya san abin da rufe iyaka ke yi ma ƙaramin ɗan kasuwa. An rufe daga Agustan 2019 har Disambar 2020, anka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai a Maris ɗin 2024 anka buɗe. Baba ya ce tun rufewar farko sabon kaya ya ja baya, kuma ko da anka buɗe su kansu marubutan sun rage bugawa, sun koma WhatsApp da Wattpad suna saida shafi-shafi. Don haka kada ku je da tsammanin sabon fitowa a takarda, abin da ke kwalayen nan tsoho ne, irin ƙananan nan masu siririn bango da hoton ƴar fim a gaba, na 1 na 2 na 3 wani har na 4, takarda ta yi ja ta yi laushi.

Abin da ya sa nake komawa ba arha ba ce, Baban ne. Mutumin nan ya karanta kusan duk abin da ke shagonsa, kuma ba ya jera littafi da sunan marubuci, da abin da ke ciki yake jerawa. Ga kwalin kishiya, ga kwalin auren dole, ga na aljanu da ƴan sarauta, ga na yaƙi da bokaye da samari ke ɗauka, sannan ga wani ƙaton kwali na taliya da ya fi kowane cika, shi yake kira kwalin ido huɗu. Duk littafin da soyayyar cikinsa ta fara da an haɗa ido gaba ya faɗi, nan yake jefa shi. Na ce Baba ai kusan duka ke nan, ya yi dariya ya ce shi ya sa na ba su babban kwali.

Ku da kanku kun san yadda abin yake tafiya. Yarinya ta fito talla ko ta taso daga islamiyya da hijabinta har ƙasa, wata baƙar mota mai baƙin gilashi ta taho a guje ta watsa mata ruwan kwata, ko ta kusa bankaɗe ta, a sauke gilashi a hankali, sai ga wani fari dogo mai saje ɗan gidan wane da ya yi karatu a Ingila ba ya dariya ba ya kula mata, ya buɗe baki zai yi masifa sai idonsa ya faɗa cikin nata, shi ke nan an gama da shi, ya koma gida ya kasa cin abinci, Hajiyarsa na ta tambaya lafiya. Wani lokaci a asibiti ne shi likita, wani lokaci a wajen biki, wani lokaci karo za su yi a bakin ƙofa littattafanta su zube. Malamanmu na islamiyya sun karantar da mu hadisin da anka ce ma Sayyadina Ali kallo na farko naka ne na biyu ba naka ba, to marubutanmu sun riƙe na farkon nan gam, sai su ja shi shafi biyar ba a ƙifta ba, daga gira zuwa hanci zuwa wushirya, duk dai a cikin kallo ɗaya halal.

Ni fa ba na cikin masu zagin abin. Na farko ba yau anka fara ba, kuma ba finafinan Indiya kaɗai sunka kawo shi ba kamar yadda ake yawan faɗa, duk da sun ƙara mishi gishiri sosai. A Dare Dubu da Ɗaya ai aljanu sunka ɗauko Badura sunka aje kusa da Ƙamaruzzaman suna barci, kowa ya farka ya ga ɗan'uwansa sau ɗaya, gari ya waye kowa ya kama ciwo. A tatsuniyoyinmu ma ɗan sarki daga kan doki yake hango yarinya a bakin rijiya ya ce shi sai ita. Na biyu kuma marubuciya na da uzuri, a rayuwarmu ina ɗan mai kuɗi da ɗiyar mai wankau za su zauna su saba har so ya shiga a hankali? Ba aji ɗaya ba, ba unguwa ɗaya ba, zance ma sai an nemi izini an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ƙannai na leƙe. To hanya mafi sauri ta haɗa su ita ce ido, daga nan sai a shiga ainihin rigimar, iyaye su ƙi, ƴar'uwa da anka yi mishi alkawari ta tada bori. Ko mu a gari muna cewa so gamon jini ne. Matsalata ɗaya, da yawa daga cikin na kwalin nan bayan kallon ba a ƙara nuna miki dalilin da zai sa waɗannan mutane biyu su iya zama ɗaki ɗaya shekara goma, ba hira ba raha ba wani hali da ya burge, kyau ne kawai da motoci da lissafin akwatunan lefe.

Da na ce ma Baba haka sai ya tono mani tsofaffi daga ƙasan kanta, waɗanda ba ya ba kowa haya sai wanda ya yarda da shi, har da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fito a 1991, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed na 1980, an naɗe su a leda an liƙe bangon da salatif. Jinginarsu ta fi ta sauran, kuma ya cancanta.

Inda nake son in daɗe shi ne ɗaya ɓangaren, mutuwa. Ku duba da kyau, kusan babu littafin soyayya da ba a mutu a ciki ba. Uwar yarinya ta rasu wajen haihuwarta don a samu kishiyar uwa mai azaba. Uba ya yi hatsari a hanyar Kaduna don ƴan'uwansa su cinye gado. Uwargida mai kirki ta kamu da ciwon da ba a faɗi sunansa ba, ta kira mijin a gadon asibiti ta ce ka auri ƙanwata ta riƙe mani yara. Mutuwa a littattafan nan tsintsiya ce, ana share tsakar gida da ita kafin baƙuwa ta iso. Za ki ga an yi salati, an faɗi an suma, an yayyafa ruwa, layi uku na kuka, sai a ja taurari a rubuta bayan wata biyar, ga bazawara ta yi ƙiba ta yi fari ta shiga kanti sayen turare ta yi karo da wani. Wata huɗu da kwana goma na takaba da Alƙur'ani ya faɗa a suratul Baƙara, duk an haɗiye su a cikin taurari uku.

Alhali nan ne labarin yake. Duk wadda ta zauna gidan rasuwa a garin nan ta san kwana ukun farko ba su ne masu wuya ba, gida cike yake, maƙwabta na shigo da kwanukan tuwo da fura, ana ta ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, Allah ya jiƙan rai, ba ki da ma lokacin da za ki ji abin da ya same ki. Sai an yi sadakar bakwai ƴan Tibiri da ƴan Madarumfa sun koma, an naɗe tabarmi an maida kujerun haya, sannan gidan ke yin girma. Ba kwalli ba lalle ba turare, ba fita sai da lalura, ga dangin miji sun fara zancen rabon gado da wa zai riƙe yara, ga mai bin bashi ya yi sallama cikin ladabi. Ga kuma uwar mamacin, in ɗan fari ne ma kunya ba ta barin ta ko sunansa ta kama tun yana raye, yanzu ya tafi kuma ana sa ran ta fi kowa dauriya. Wa ya rubuta mana wannan tsohuwar? Kuma an bar mutane da tunanin wai hawaye rashin tawakkali ne, bayan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, abin da anka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da faɗin abin da bai dace ba.

Lokacin da yayata ke cikin takaba ita ta aike ni shagon, ta ce yini ya yi mata tsawo, in ta gama lazimi da karatunta ba abin da take yi sai kallon bango, in samo mata abin da zai ɗauke mata hankali. Na faɗa ma Baba. Ya yi shiru ya ce Allah ya jiƙan shi, kwana nawa yau? Na ce an wuce arba'in. Ya ce to ɗiyata kada ki kai mata na kwalin ido huɗu, rabinsu da mutuwar miji sunka fara kuma ba su san ta ba, za su ɓata mata rai. Ya haɗa mani na barkwanci da na aljanu guda biyu, sannan ya sa hannu can ƙasa ya ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya ce wanga ki aje mata a gefe kada ki ce ta karanta, in ta ga dama ta ɗauka da kanta. Bai karɓi jingina ba ranar.

Yaron kwamfuta kuma da na ce ya zuba mata na saurare, bai tambayi komi ba ya cika memori da abin da ke tashe. Kwana biyu Yaya ta miƙo mani wayar ta ce cire wannan, wadda ta rubuta shi ba ta taɓa zama takaba ba. Wai matar cikin labarin ranar sadakar uku tana daga ɗaki ta hango abokin mijin ta labule gabanta ya faɗi. Ta ce ni a kwana na uku ko fuskar wadda ke ba ni ruwa ba na ganewa. Shaihu Umar ɗin kuwa ta karanta shi, ba ma littafin soyayya ba ne, amma uwar nan da anka sace mata ɗa ta bar komi ta bi sawunsa ta ratsa hamada har ta faɗa hannun masu bauta, ta wahala shekaru, sai da ta gan shi da idonta sannan ta cika ba da jimawa ba. Yaya ba ta ce ya yi daɗi ba, ta ce dai in tambayi Baba ko akwai wani irinsa.

Akwai, amma kaɗan ne, ba su ma kai a ba su kwali ba, a wata ledar shinkafa yake tara su. Ya ce ba su fita sosai, ƴanmata in sun ɗauka washegari suke maidowa su ce Baba wannan ai ba daɗi duk baƙin ciki, masu ɗaukarsu manyan mata ne, kuma su ba su cika maidowa da wuri ba shi kuma ba ya matsa musu. Na karanta wasu daga ciki, ba duka ke da kyau ba, wasu wa'azi ne zalla an saka ma mutane suna, kowane shafi wani ya zo ya ce a yi haƙuri duniya ba wurin zama ba ce. Amma akwai guda da ba ni mantawa, bangonsa ya cire ko sunan marubuciyar babu, inda matar ta ci gaba da auna shinkafa da mijin a lissafi, kullum sai abinci ya yi saura ta rasa dalili, sai ɗiyarta ƙarama ce ta ce Inna kin zuba na Abba. Wata da ta riga ni haya ta ja layi da jan bik a ƙarƙashin wurin ta rubuta wallahi haka ne.

Rubutun gefen shafi ma wani abin kallo ne a shagon nan, kyauta ake samun shi. Allah ya isa Hajiya Babba. Kai namiji ba ɗan goyo ba. Wata ta rubuta sunanta da na saurayinta ta zana zuciya da kibiya, wani ɗan rainin hankali ya bar lambar waya wai mai son hira ta kira. Baba ya ce ya gaji da faɗa, yanzu lambobin kawai yake gogewa.

To sai laifuffuka, don akwai su. Babba shi ne ɓatan na ƙarshe. Ki karanta na 1 da na 2 ki kwana ba barci, an kai amarya gidan wanda ba ta so, masoyin na gadon asibiti rai a hannun Allah, ki dawo da sassafe a ce miki na 3 wata ta tafi da shi Dakoro aure tun bara. Ya kamata ya riƙa faɗa ma mutum tun kafin ya ɗauka, wani lokaci yana faɗa wani lokaci sai kin tambaya, don haka ku tambaya. Wasu kuma shafin ƙarshe ne ya yage, ko yara sun yi mishi wanka da koko. Shagon ƙarami ne ba taga, watan Afrilu da Mayu in kinka shiga da rana minti biyar kin jiƙe, fanka guda ce kuma tana wajen kwamfuta, in anka ɗauke wutar lantarki kuwa turi ya tsaya sai ki dawo gobe. Bencin waje samari ne ke cika shi suna jiran a tura musu fim, mace ba ta samun wurin zama ta duba littafi a natse, ni a tsaye nake zaɓe.

Na saurare kuma sai an yi sa'a. Akwai masu karatu da sunka iya, murya a natse, in an zo wurin mutuwa su sassauta. Akwai kuma wadda za ta karanta an fito da gawa da irin muryar da ta karanta jerin kayan lefe, ga kiɗan Indiya na tashi a baya bai san an yi rasuwa ba, ga tallar maganin mata ta faɗo a tsakiyar jana'iza. Ku ce ma yaron kwamfutar ya kunna muku minti biyu ku ji kafin ya tura, yana yarda in ba layi. Kuma ku zo da memorinku, na wajensa na taɓa saye ya cinye mani hotuna.

Abin da ya fi damuna a gefen yaron shi ne littattafan kuɗi. Kowa ya san yadda marubutan yanzu ke yi, a saki shafukan farko kyauta, in labari ya ɗauko daɗi a ce sai an biya a shiga gurup, kuma mu nan biyan ma wahala ne tunda da naira ake so, sai ka nemi mai asusun banki a Najeriya ko ka bi ta hannun wakiliyarsu ta Nijar in suna da ita. To shi yaron mutum ɗaya ya biya, shi kuma ya tura ma duk Maradi a dala 30, har da shafin da marubuciyar ta rubuta ban yafe ba ga duk wanda ya fitar mani da littafi, yana nan a sama bai ko goge ba. Na yi mishi magana ya ce Anti ai kowa haka yake yi. Baba dai ya ce shi ba ruwansa da abin da ke cikin na'ura, wanda ni ban ɗauka amsa ba ce tunda rufi ɗaya ne kuma aljihu kusan ɗaya. Matar da ta kwana tana buga labari da babban yatsa a waya tana da haƙƙi, kuma ina ganin irin wannan na cikin abin da ke sa su rubuta abin da zai saidu da sauri, ido huɗu a shafi na 1, mutuwa a na 10, sabon ango a na 12, wa zai ɓata wata uku yana rubuta zaman takaba a sace a raba a banza? Ni yanzu na takarda nake ɗauka wajen Baba, na saurare kuma waɗanda masu su sunka saka kyauta a YouTube kawai nake cewa ya tura mani, don rezo a unguwarmu ba ya barin mutum ya saurara kai tsaye.

In za ku je ku je da hantsi kafin rana ta take, ko bayan la'asar, ranar Juma'a ba ya buɗewa sai an sauko masallaci, lokacin bakans kuma, wato hutun makaranta, ƴan lakkol na wawashe kwalin ido huɗu tun da safe. Ku riƙe canji don ba ya taɓa samun na jika 5. Ledar shinkafar kuma ba a waje take ba, tana bayan kujerarsa, sai kun ce Baba a ba mu na cikin leda.